Barau Mai Rufe Mutanen Jan Tudu

Idan aka sallame sallar asuba, kowa gida yake komawa ya jira koko, ban da Baba Barau. Shi sai ya ɗauki sandarsa ya bi ta bayan maƙera, ya nufi gonarsa ta gabas da gari. Ba noma zai je yi ba, gonar ta daɗe da daina ganin iri. Yana isa bakinta sai ya tuɓe takalmi, ya yi sallama kamar mai shiga gidan mutane, ya shiga bin ta layi-layi yana taɓa ƙasa da tafin ƙafa. Inda ya ji ta lotsa ya cike, inda gafiya ta yi rami ya toshe, inda akuya ta ture ƙaya ya mayar. Sai rana ta ɗaga yake dawowa, matarsa Inna Turai ta tare shi da tambayar da ba ta gajiya da ita: "To, yaya ka baro baƙin naka?" Shi kuma ya ce, "Suna nan lafiya."

Bana Baba Barau ya ajiye dagi. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, bayan kuma ya ƙi miƙewa. Tun kafin a ba mu mulkin kai shi ke haƙa kabari a wannan ƙauye namu na yankin Farin Dutse, a ƙasar Gwaram, kuma babu gidan da bai rufe wa wani ba. Wannan kowa ya sani, kowane gari ma da nasa mai haƙar. Abin da ya sa ake jinjina masa yau daban ne, kuma gara a faɗa tun yanzu, labarin ba shi da daɗi.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya ji labarin Yaƙin Sungumi a bakin kakarsa. Wai a can zamanin da, tun Musulunci bai iso nan ba, mahara suka faɗo wa mutanen ƙasar nan ranar da aka yi ruwan shuka. Maza da mata duk suna gona, ba baka ba mashi, ba abin da ke hannunsu sai sungumin da suke saran shuka da shi. Da shi suka tsaya, ba su gudu ba, aka karkashe su, amma waɗanda suka kwashi yara suka haye duwatsu suka tsira, mu ne jikokinsu. Labarin ke nan. Sai dai a ina aka yi? Nan fa ake yin ta. Mutanen Kwandiko sun rantse a fadamarsu ne. Na Fagam suka ce haba, ai kowa ya san a bayan garinsu ne. An sha ɓata cinikin shanu a kasuwa saboda wannan gardama, kuma babu mai wata hujja sai "haka kakata ta ce".

Mu kuwa muna da Jan Tudu, wani tudu mai jar ƙasa a arewa da gari, inda gonakin mutane suka kewaye. Ba mu cika shiga gardamar ba, don abin da muke gani a can ba na alfahari ba ne. Kusan kowace damina sai fartanyar wani ta tono ƙashin mutum. Wani lokaci ƙoƙon kai, wani lokaci haƙarƙari, kuma sau da yawa da bakin kibiya a maƙale a ciki, ya yi tsatsa ya zama kalar ƙasar. Mai gona ba ya taɓawa. Ya karya reshe ya rufe, ya aika a kira Barau.

Shi kuma abin da mahaifinsa ya koya masa shi yake yi, bai ƙara ba bai rage ba. Zai tattara ƙasusuwan a hankali, ya tankaɗe ƙasar wurin da hannu don kada ya bar ko ɗan yatsa. Zai zare ƙarfen, don a gidansu an ce ba a sa mutum a rami da ƙarfen da ya kashe shi a jikinsa, ya sha wahalarsa a duniya, ta isa. Sai ya naɗe su a ƙyalle fari, ya kai gindin wata kuka a ƙasan tudun, ya haƙa rami sosai irin na kowa, ya rufe kafin rana ta faɗi. Ƙarfen kuwa ya kai wa Maikano maƙeri, wanda ke haɗa shi da wasu guntaye ya ƙera fartanya ko lauje. A ganinsu su biyun, wannan shi ne mafi kyawun abin da za a yi da makami.

An taɓa yi masa magana. Malam Sabo mai makarantar allo ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Barau, mutanen nan fa ba su san salla ba. Kana ɓata farin ƙyalle a kan waɗanda ba mu san me suka bauta wa ba."

Barau ya ce, "Allah gafarta malam, ni ban yi musu salla ba, wannan sashenku ne. Rufewa kawai na yi. Ko sai kare ya ja ƙashin ya shigo da shi gari, sannan a tambaye shi addinin mai shi?"

Malam Sabo ya yi dariya ya ce ya ji, bai sake tayar da zancen ba.

Kai ne wannan, Baba. Mai rufin asirin wanda ba shi da kowa. Shekara da shekaru kana yi, ba wanda ya sa ka, ba wanda ya ce sannu, kuma waɗanda kake yi wa ba su da bakin godiya.

Haka aka tafi har arzikin man fetur ya zo, aka shiga shimfiɗa hanyoyi ko'ina. Wata rana aka wayi gari da wasu mutane masu hular kwano suna kafa jajayen turaku kewaye da Jan Tudu. Da aka tambaya suka ce hanyar mota za a yi, kuma jar ƙasar tudun nan ita ake so a zuba a ƙarƙashin kwalta, bayan damina za a kawo katafila a kwashe shi duka. Turakun sun haɗa har da kukar. Mutane suka yi murnar hanya, ba laifinsu, wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a kan jaki ya san darajar hanya. Barau kaɗai ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Ana cikin haka sai ga Malam Hadi a kan babur. Saurayi ne dogo mai yawan gaisuwa, daga jami'a, aikinsa tonon kayan mutanen da. Yana zaune a Birnin Kudu yana nazarin zanen da ke jikin duwatsun can, sai ya ji labarin Yaƙin Sungumi, ya sa wa ransa sai ya gano inda aka yi shi. Ya tona a Kwandiko, ya tona a Fagam, bai samu komai ba sai fasassun tukwane. Da aka ba shi labarin Jan Tudu, nan take ya taho. Ya durƙusa ya gaida Barau, ya bayyana masa cewa akwai dokar da ke kare wuraren tarihi. In aka tabbatar a nan aka yi yaƙin, ba katafilar da za ta taɓa tudun.

Barau ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ya ce, "In dai wannan ne, ai an gama. Na rufe su da hannuna, sun fi a ƙirga."

"Alhamdu lillahi! Baba, ina kibiyoyin?"

Da fara'arsa Barau ya ja shi zuwa maƙera. Maikano ya ajiye guduma, ya nuna fartanyun da ke jingine a bango da haɓarsa. Ya ce, "Ga wasu nan. Sauran suna gonakin mutane. Laujen matar liman ma da su na yi shi, kuma wallahi har yau bai dakushe ba."

Malam Hadi ya dubi fartanyun, ya dubi Maikano, ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, da farin wandonsa da komai. Can ya ce, "Baba, ba laifinku ba ne. Amma mu a aikinmu, abin da aka ɗaga daga inda yake ya rasa rabin maganarsa. Ƙashi a gindin kuka, za a ce maƙabarta ce kawai. Guda ɗaya nake roƙo. Mutum ɗaya, a kwance yadda ya faɗi, da ƙarfen a jikinsa, in ɗauki hotonsa, in auna zurfin ƙasar da ke kansa, in kawo manyana su gani da idonsu. Don Allah, in an sake samu, kada ka taɓa. Ka aiko mini."

Barau ya ce, "In bar mutum a buɗe?"

"Na ɗan lokaci, Baba. Shi zai ceci sauran."

Barau ya ce ya yi alkawari.

Cikin tsakiyar daminar nan ruwa ya zaizaye gefen tudun ya yi kwari. Azumi, wata mata da ta je tsinkar tafasa, ita ta fara gani, ta yar da ƙwaryar ta sheƙo gari tana salati. Barau ya je ya leƙa. Mutum ne cikakke, a jikin gaɓar kwarin, ya faɗi rub da ciki. Bakin kibiya na nan a kafe a ƙashin bayansa. Kusa da yatsun hannunsa na dama kuwa ga ƙarfen sungumi, ƙotar ta ruɓe tun tuni, ƙarfen ya rage. Allah sarki! Ashe kakanninmu ba tatsuniya suka yi mana ba.

Nan take ya ba direban wata babbar mota saƙo zuwa Birnin Kudu. Sai dai ruwan da ya tono mutumin shi ne ya cika kogi, motoci suka yi cirko-cirko a bakin mashigi, ba shiga ba fita. Barau ya kafa zana a kan wurin ya zauna gadi. Ya kori karnuka, ya kori masu zuwa kallo. Inna Turai ta riƙa kai masa fura can, ta ce ba ta taɓa ganinsa cikin irin wannan hali ba, don ko kallon wajen ba ya iya yi, sai ya juya baya kamar wanda ya tarar da mutum yana wanka. Ta ji shi da kunnenta yana cewa, "Yi haƙuri, bawan Allah. Ba halina ba ne. Yi haƙuri kaɗan."

Kwanaki suka wuce, Malam Hadi shiru. Ran nan da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Iska ta ɗauke zanar. Kwarin ya cika, ruwan ya fara cin gaɓar daga ƙasa, Barau na tsaye yana gani ƙashin ƙafa ɗaya ya zame ya bi ruwa. Bai san lokacin da ya dira ciki ba. Manu, wani manomi da ya fake a bukkar gonarsa kusa da wurin, ya ce ruwan ya kai wa Barau ƙirji, ga shi ya tuɓe riga yana kwasar ƙasusuwa a ciki, yana yi yana kuka, ga gaɓa na rubzowa a kansa. Da ƙyar Manu ya miƙa masa sanda ya jawo shi.

To, ga mutum a cikin riga, ga rana tana shirin faɗuwa. Barau bai taɓa kwana da gawa a hannunsa ba. Ya je gindin kuka, ya haƙa, ya zare kibiyar, ya rufe.

Da kogi ya janye Malam Hadi ya iso, da na'urar hoto a wuya, laka har gwiwa. Barau ya miƙa masa ƙoƙo da ƙarafan biyu a ciki, ya ba shi labari tun daga farko. Malam Hadi ya karɓi ƙoƙon. Ya ce, "Ruwa ba wanda ya isa ya tare shi, Baba, na gode da ka tsamo shi. Amma kibiyar! Da ka bar ta a cikin ƙashin, ko ita kaɗai da na samu abin nunawa. Mantawa ka yi?"

Barau ya ce, "Ban manta ba, Malam. Na tuna sarai, hannuna na kanta na tuna. Na duba ramin, na duba ta. Tun yaushe take a bayansa? Na kasa."

Malam Hadi ya sunkuyar da kai. Ya roƙi a buɗe kabarin ya ɗauki hoton gurbin kibiyar a jikin ƙashin, ko Allah zai sa a dace. Barau, wanda tunda yake bai taɓa buɗe abin da ya rufe ba, ya ɗauko dagi ya buɗe. Malam Hadi ya tafi birni da hotuna da ƙoƙo, ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan kowa ya shaida. Da kaka ya dawo da kansa, bai aiko ba. Ya ce manyansa sun saurare shi, sun kuma tausaya, amma sun ce ƙashi ɗaya da aka ɗaga daga wurinsa, da ƙarafa biyu a ƙoƙo, da maganar dattijo, ba su isa a tsayar da aikin hanya ba.

Barau ya tambaye shi, "Ke nan da ban taɓa rufe kowa ba, da na bar su karnuka na ja, da yanzu tudun ya tsira?"

Malam Hadi ya kawar da kai. Mutumin kirki ne, ya ƙi yin ƙarya.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau in aka tuna ake yin shiru. Kafin katafila ta iso, Barau ya koma gindin kukar ya shiga tone kaburburan da ya haƙa da hannunsa tun yana saurayi, ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi a ba shi gefe a maƙabartar gari, dattawa suka taru suka ce ya yi haƙuri, wannan kam ba za ta yiwu ba. Bai yi musu ba. Ya dawo gida ya ce wa Inna Turai gonar gabas zai kai su.

Ta ce, "Gonar gabas? Malam, ita ce fa mai dawar. Me za mu ci?"

Ya ce, "Ban sani ba, Turai."

Ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Da ƙyallayen suka ƙare, ita ce ta buɗe adakarta ta fito da fararen zannuwanta ta yayyaga ta miƙa masa, tana yi tana faɗa, wai ita dai ta auri mutumin da matattu suka fi ta sa'a a wurinsa. Inna, ke ma jinjinar nan taki ce.

Katafila ta zo ta fara da kukar. Daga nan ta hau tudun, kuma duk inda ta kai sara sai fari ya bayyana cikin jar ƙasa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ga hujjar da ake nema tana zuba a motar tifa, ba mai hoto, ba mai awo. Barau ya riƙa bin bayan injin da buhu, ba takalmi, yana tsinta. Direban katafilar, wani Ɗanbala, ya ce da farko hon ya riƙa yi masa yana zaginsa, yana zaton mahaukaci ne. Da ya gane abin da tsohon ke tsinta sai ya fara ɗage ƙarfen yana jiransa, har shugaban aikin ya ce in ya sake tsayawa a bakin aikinsa. Daga nan sai dai ya rage gudu. Ya ce ya yi aiki a wurare da yawa, amma bai taɓa jin kunyar sana'arsa ba sai a Jan Tudu. Abin da Barau ya iya tsinta bai kai komai ba a kan abin da ya tafi. Sauran suna ƙarƙashin kwalta, duk wanda ya bi hanyar nan a mota a kansu yake tafiya.

Yau in ka je wurin ba tudu, sai wani ƙaton kududdufi da shanu ke shan ruwa. Mutanen Kwandiko da na Fagam suna nan suna gardamarsu a kasuwa, kuma yanzu ba mai iya raba su har abada. Mu da muka gani da idonmu muna ta ƙarewa. Baba Barau kuwa bai yafe wa kansa ba. In hira ta yi hira sai ya ce, "Kibiya ɗaya. Da na daure na bar kibiya ɗaya."

A'a, Baba. Ka saurara, don wannan maganar taka ce. Mu da muka yi murnar hanya ba mu ɗauki ko buhu ɗaya mun taya ka ba, mun tsaya a inuwa muna kallo muna cewa Allah ya ba da lada. In akwai mai jin kunya a garin nan, ba kai ba ne. Kai ne wanda aka ba zaɓi tsakanin suna a littafin tarihi da tausayin mutum ɗaya da ya mutu tun ba a san ranar ba, hannunka ya zaɓi tausayi. Ya jawo asara, ba za mu ɓoye ba, asarar da ba ta da gyara. Amma mutanen nan da suka tsaya da sungumi don mu rayu, a cikin jikokinsu kaf kai kaɗai ka tsaya musu. Mun gode, Barau na Turai. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa nasu.

Saura mu. Dagin yana nan jingine a zaurensa, ya faɗa a masallaci cewa duk mai so ya zo ya ɗauka, har yau ba wanda ya je. Samari, ba a ce ku ba da gonakinku ba. Mutum ɗaya ake nema da zai bi shi da safe tun yana iya tafiya, ya nuna masa layukan, ya san inda ake takawa da inda ba a takawa. Ku hanzarta, don Inna Turai ta ce tuni har an fara zagayowa ana tambayarta, cikin ladabi, wai in ta Allah ta kasance, ko za a ba da aron gonar gabas, tunda ta huta ta yi ƙarfi.

Maganar ta koma kunnen Baba Barau. Ranar da aka yi ruwan shuka na bana, gari ya watse kowa ya fita da sunguminsa, shi kuma ya sa aka kira masa Manu da Malam Sabo su zama shaida. Ya kai su bakin gonar, daidai inda yake tuɓe takalmi, ya dangwala sandarsa a ƙasa. Ya ce, "In na mutu kada ku kai ni maƙabarta. Nan za ku sa ni, a bakin shiga. Duk wanda ya zo da garma, ya fara tono ni tukuna."